Gobarar Shagon Wanki da Kayan Mutanen da Inshora Ta Ƙi Biya

Daga:
Mai wanki da guga,
Shago mai lamba 14,
Layin bayan tashar mota.

11 ga Maris, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Ƙorafe-ƙorafe,
Hukumar Kula da Harkokin Inshora.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARIN INSHORAR DA AKA ZAƁAR MINI BA TARE DA CIKAKKEN BAYANI BA, DA ƘIN BIYAN KAYAN JAMA'A DA SUKA ƘONE A SHAGONA

Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana. Shekarata ashirin da biyu ina wanki da guga, ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba sai yau. Idan akwai kuskure a tsarinta, a yi mini afuwa.

1. Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, wakiliyar wani kamfanin inshora ta zo shagona, ta baje takardu a kan teburin guga, ta nuna mini tsari uku: ƙarami, matsakaici da babba. Na gaya mata cewa nawa na kaina bai taka kara ya karya ba: injin wanki ɗaya, dutsen guga biyu, tebur da marataya. Abin da nake jin tsoronsa shi ne kayan mutane, domin amana ce. Sau biyu na tambaye ta, a gaban maƙwabcina mai walda, ko za a biya tufafin jama'a idan wani abu ya same su. Ta ce in kwantar da hankalina, duk abin da ke cikin bangon nan huɗu ya shiga.

2. Da na nuna sha'awar babban tsarin, ita ce ta hana ni. Ta yi dariya ta ce wannan na masu masana'anta ne, matsakaicin ya ishe ni har da rara. Takardar shafi tara ce, da Turanci, rubutun kamar ƙwayar gero. Ba a karanta mini ba, ba a fassara mini ba. Inda ta ɗora yatsa nan na sa hannu. Tun daga lokacin ban tsallake biyan wata ko ɗaya ba.

3. Ranar Laraba, 17 ga Janairu, 2024, ina masallaci sallar azahar, aka dawo da wutar lantarki da ƙarfi, wayar wutar shagon ta kama da wuta. Kafin maƙwabta su ɓalle ƙofa, wuta ta cinye marataya. Tufafi saba'in da ɗaya na mutum ashirin da shida suka zama toka.

4. Na kai rahoto ofishin kamfanin washegari. Sau bakwai ina komawa. Kullum a ce manaja yana taro, ko takardata tana sama. Sai ranar 26 ga Fabrairu aka miƙo mini wasiƙa. 'Yata, wadda take koyarwa a makarantar firamare, ita ta karanta mini. Wai tsarina ya tsaya ne a kan kayan da na mallaka, ban da dukiyar wasu da ke hannuna. Wai kariyar kayan abokan ciniki tana cikin babban tsarin, wanda bambancin kuɗinsa da nawa a wata bai kai ladan wankin riguna huɗu ba. Ranka ya daɗe, da an faɗa mini haka, wallahi da na biya.

5. Na nemi a haɗa ni da wakiliyar, aka ce ta bar aiki. Na kawo mai walda ya ba da shaida, aka ce kamfani ba ya aiki da maganar baki. Yanzu sun ce za su biya injin da dutsen guga, da sharaɗin in sa hannu cewa magana ta ƙare. Ban sa ba, domin sa hannu ne ya kai ni inda nake.

6. Masu kaya suna zuwa. Wasu sun yafe, wasu sun zage ni a gaban iyalina, kuma ban ga laifinsu ba. Amma akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu bara. Ta kawo babbar rigarsa in wanke, za ta ba ɗansu na fari ya sa ranar da zai fara aiki. Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta zauna a benci, ta daɗe tana kallon bangon da ya yi baƙi, sannan ta tambaye ni ko da hannun rigar ne bai tsira ba. Yanzu zagaye nake yi don kada in bi ta ƙofar gidanta.

Saboda haka, ina roƙon ofishinka mai albarka da ya binciki yadda aka sayar mini da wannan tsari, ya saurari shaidar maƙwabcina, ya kuma umarci kamfanin ya biya masu kaya, ko da ni ba za a ba ni komai ba. Ina kuma roƙon a tilasta wa wakilai su riƙa yi wa ire-irena bayani da harshen da muke ji kafin mu sa hannu.

Ba ni da lauya, ba ni da wani babba da zai tsaya mini. Na haɗa kwafin yarjejeniyar, da rasidai goma sha biyu, da wasiƙar kamfanin, da jerin kayan da suka ƙone. Idan bayan bincike doka ta ce ba ni da hakki, zan rungumi ƙaddara. Sai dai ina roƙon a rubuto mini hakan a takarda, in samu abin da zan riƙe a hannu ranar da zan je in tsaya a gaban matar nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,

Sa hannu:
Mai wanki da guga, wanda 'yan layi ke kira Baba Sitati.