Ranar da Auta Ta Kayar da Baba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Goggo da mutanen gidanta. Tunda kin kashe waya kin mayar da ni zamanin kakanni, ga takarda nan na bai wa direban da ke bi ta unguwarku.

An sallamo Baba daga asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta taɓa hannun dama da ƙafa, harshe ma ya yi nauyi, amma hankalinsa garau. Ɗakin da yake koyar da kokawar judo kuwa a rufe yake tun ranar da ya faɗi. Ɗalibansa sukan zo su leƙa ta taga, su ga katifu a jingine, su juya. Ni dai kin san tela ne, fararen kayansu kawai na iya ɗinkawa.

Ke ce na kasa ganewa. Ke kika riƙe kansa a mota har asibiti, washegari aka neme ki aka rasa. Duk wanda ya turo ƙofa sai Baba ya ɗago ido, in ya ga ba ke ba ce ya juya fuska bango. Me aka yi miki?

Ki gaida Goggo.
Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonka, na gode Allah da Baba ya dawo gida. Ba a yi min komai ba, ni na yi.

Ka san yadda yake buɗe horo. Mu durƙusa a layi, mu rufe ido, kowa ya bi numfashinsa, shi kuma ya rera baitin da ya tsara:

Ka zauna, ka bar numfashi ya zo,
Ido na gani, zuciya na awo,
Wanda ke gabanka ba maƙiyi ba ne,
Amana ce aka ba ka riƙo.

Ranar, a layi na uku na baitin harshensa ya sarƙe. Na ji, na ce gajiya ce. Da aka tashi ya kira ni mu gwada a gaban ɗalibai, kamar kullum. Tun ina ƙarama yake koya min in lura da kafaɗar abokin karawa, da numfashinsa, da inda nauyinsa ya kwanta, kuma tun ina ƙarama ban taɓa kai shi ƙasa ba. Yana kama wuyan rigata na ji hannun damansa babu ƙarfi, kamar tsumma. Na ga gefen bakinsa ya ɗan karkace. Yaya, wallahi na gani sarai. Sai zuciyata ta ce min ga ƙofa ta buɗe, na shige ƙarƙashinsa na ɗaga shi na maka da katifa.

Ɗalibai suka hau tafi, ni kuma na ji daɗi. Wannan daɗin ne yake hana ni cin abinci. Ina tsaye ina gyara ɗamara, ina jira ya tashi ya yaba min, shi kuwa bai tashi ba.

Duk zaman shirun da na yi a rayuwata don in iya lura ne, kuma na lura, amma abin da na yi da lurar ke nan. Da wane ido zan dube shi? Don Allah kada ka gaya masa.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta takardarki raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma kan keke na ɓata wuyan rigar mutane, sai da na warware na sake. Na so in rubuto miki baƙar magana, sai na tuna ni ma da safen nan na ga kofin shayi ya suɓuce masa, na yi dariya na ce tsufa ya fara sallama. Ban ma tsaya na share ba, na wuce shago.

Yanzu ga laifina na biyu. Takardar tana aljihuna lokacin da nake canza masa riga, ya hango rubutunki ya damƙe da hannun hagu. Kin san riƙon Baba, ko da hannu ɗaya ne. Na ce gaisuwa ce kawai, ya kafe ni da ido har na ji kunyar ƙaryata. Na karanta masa duka. Da na gama, ya ce in ɗauko biro.

Ki yafe min. Nasa saƙon yana haɗe da wannan.
Yayanki.

*

Autata,

Ina gaishe ki. Ni nake faɗa, yayanki yake rubutawa yana gunaguni, don kalma ɗaya sai na ja ta da ƙyar.

Na ga lokacin da kika gane. Amma ni tun da na farka ranar na ji hannun nan ba nawa ba. Na zauna a gabanku na rufe ido, jikina yana gaya min gaskiya, na ƙi saurara, don kada ɗalibai su ga malaminsu ya kasa. Ni na kira ki fili, ba ke kika kira ni ba. In kunya ce, tawa ta girmi taki, kuma ni ba ni da ƙafar gudu zuwa gidan Goggo.

Ki dawo ki buɗe ɗakin. Kuma kayen nan da kike kuka a kansa, ƙafarki ta hagu ta makara. Da ina da lafiya da ba ki same ni ba. Ki zo in gyara miki, ko da ido ne.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.