Sun Ɗora Wa Kekenka Ruwan Leda, Malam Shu'aibu

Zuwa ga aminina Malam Shu'aibu,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji tun ranar da aka kai ka makwancinka. Matata ta gaji da jin ta, kai ne kuwa mai maganar, don haka sai ka yi haƙuri da ni.

Mutanen gida suna lafiya. Hajiya Rabi ta fita takaba. 'Yarka Zainab ta sauka, an sami namiji, an kuma mayar masa da sunanka. Ruwa ya yi kyau bana, doyar da muke wucewa ta gefenta a hanyar Panda ta rufe kunya ruf. Wannan shi ne labari mai daɗi. Saura kuwa ɓacin rai ne.

Ka san inda na ga kekenka? A ƙofar shagon yayanka Alhaji Garba. Keken tseren nan da kake ɗauka da hannu ɗaya, wanda ba ka yarda ya kwana a tsakar gida saboda raɓa. An kai shi wurin mai walda an manna masa kariyar ɗaukar kaya ta ƙarfen rodi a baya, ana ɗora masa jakunkunan ruwan leda ana rabawa shaguna. Wilin baya ya lanƙwashe, yana tafiya yana rangaji kamar mai ɗingishi. Na tsaya a bakin titi ina kallo har wani mai acaɓa ya zage ni. Ko rabon gado ba a yi ba, Shu'aibu. Mutumin da ya ce hawan keken nan zubar da mutuncin gidanku ne, yau shi yake ci da shi.

Ina tuna lokacin da aka tura ka kwas ƙasar Faransa, muna koyarwa a makaranta ɗaya, kai Faransanci ni lissafi. Wasu in sun dawo daga Turai labarin dogayen gine-gine suke bayarwa. Kai kuwa ka dawo da labarin hanya. Ka ce an sauke ka a wani ƙauye, a gidan wani tsoho mai gonar inabi, ya ara maka kekensa. Ka ce hanyoyin siraran ne, kwalta sumul, suna hawa tudu suna gangarawa tsakanin layukan inabi, sai mutum ya yi tafiya mai nisa bai ji komai ba sai ƙarar sarƙarsa da kukan tsuntsaye. Idan mota ta zo bayanka sai ta rage gudu, ta bi ka a hankali har ta sami fili, direban ya ɗaga maka hannu. A kowane ƙauye akwai famfo a dandali da za ka cika gorarka. Kuma tsofaffi masu furfura, maza da mata, su ne suka fi yawa a kan keke, babu mai yi musu kallon taɓaɓɓu.

Ban taɓa faɗa maka ba, amma da farko na ɗauka kana ƙara gishiri ne. Direba ya jira mai keke? Sai da ka matsa mini na sayi nawa na gwanjo, muka fara fita kowace Asabar bayan ka idar da sallar asuba. Mukan bar babban titi ga tifofi da tireloli, mu ratsa ta cikin gonakin yazawa da mangwaro. In mun hau tudu sai ka tsaya kana haki kana dariya, ka nuna mini kunyoyin doya a jere, ka ce ga namu inabin nan. Ni ban taɓa ganin Faransa ba, amma na san gangaren da ke bayan cocin ƙauyen nan kamar a can aka haife ni, don ka ba ni labarinsa har na haddace.

Kuma ba wasa ba ne kawai, ka fi ni sani. Likita ya ce kana da hawan jini da ciwon suga, ya ce kada ka kuskura ka bar motsa jiki. Duk shekarun da muka yi muna hawa, jininka a kwance yake. Ni ne mai raka ka asibiti, da idona na ga likitan yana jinjina maka.

Sai aka zo neman auren Zainab daga babban gida. Nan Alhaji Garba ya tara dattawan dangi a zaurensa na Tudun Ƙofa, aka kira ka kamar wanda ya yi sata. Wai bai dace surukin irin wannan gida a riƙa ganinsa da hular kwano da wando ɗamamme yana zufa a titi kamar ɗan aike ba. Wai ana nuna su da baki a masallaci. Wandon da ya sauka har ƙasan gwiwa, da riga a kansa? Me ya bayyana? Wanda ya fi kowa zaƙewa a zaman nan ko tsugunno ba ya iya yi sai an kama shi, amma shi ne mai koya maka yadda dattijo yake kula da jikinsa.

Kai ma ina fushi da kai, gara in faɗa maka. Me ya sa ka amsa musu? Kai da ka tsaya a gaban shugaban makaranta ka ƙi sa hannu a sakamakon da ba na gaskiya ba, sai ga shi ka sunkuyar da kai don yayanka ya ɗaga murya. Ka zo gidana da yamma ka ce mini na ɗan lokaci ne, a gama biki ka dawo. Aka gama biki, aka ce ai yanzu ne ma idon surukai yake kanka. Ka rataye keken a ɗaki, ka koma zaman benci a ƙofar gida. Ina wucewa ranar Asabar ina ganin ka kana kawar da kai. Jikinka ya yi nauyi, ƙafafunka suka fara kumbura. Ranar da ka faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinka ya shanye, ba ka sake cewa uffan ba har ka cika.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Ku kun yarda da haka, mu ma a coci haka muke cewa. Ba da Allah nake jayayya ba. Amma Allah ne ya ce a raba mara lafiya da maganinsa don kada surukai su yi gulma? A zaman makoki Alhaji Garba yana share hawaye yana gaya wa mutane wai kai ƙane ne mai biyayya, ba ka taɓa musa masa ba. Na ji kamar in tashi in ce, ai biyayyar ce ta kai shi inda yake. Na danne saboda darajar gawarka.

Abin da na kasa dannewa shi ne na ranar addu'ar uku. Ka tuna hotonka da ke falo, kana riƙe da keke a tsakiyar gonar inabi, tsohon nan ya dafa kafaɗarka? Wani daga cikin masu zaman zauren, ba zan rubuta sunansa ba, ya kalle shi ya yi ƙasa da murya, wai ai inabin can duk giya ake yi da shi, wa ya san abin da mutum ya sha a ƙasar da babu mai ganinsa, sai dai Allah ya yafe. A gidanka, a kan tabarmarka, da shinkafar sadakarka a gabansa. Na ce masa ni Kirista ne, na zauna da masu sha na kuma san su, na yi shekaru ina cin abinci kwano ɗaya da kai, ko warin abin ba ka so. Na gaya masa tsohon nan da kansa yake matse maka ruwan inabi sabo a kofi dabam, shi ne kuma ya share maka wuri a rumbunsa don ka yi salla. Na ce wanda bai san ka ba sai na ɗan lokaci ya girmama addininka fiye da wanda kuke sahu ɗaya. An ce na yi rashin ladabi a gidan mutuwa. Ban ba da haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro yau. Shekaranjiya da hantsi na ji sallama, na fito na tarar da Hajiya Rabi a ƙofar gidana, cikin hijabinta, riƙe da kekenka. Ita da kanta ta je shagon, ta sauke jakunkunan ruwan ta jera su a ƙasa a gaban Alhaji, ta gaishe shi da ladabi, ta turo keken tun daga Tudun Ƙofa har nan, wilin yana gurzar ƙarfe, mutane suna leƙowa daga shaguna. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yi magana da 'ya'yanta, duk sun yarda a ba ni. Sharaɗinta ɗaya ne: in gyara shi, in riƙa hawa, kuma duk Asabar in bi ta ƙofar shagon Alhaji Garba, a hankali, da hular kwanon a kaina.

Na riga na sa an yanke kariyar, sai dai tabon waldar ba zai fita ba. Wilin ne ban samu a nan Keffi ba, gobe zan shiga mota in nemo a Mararaba. Ka san keken ya fi tsawona, dole in sauke sirdin, kada ka ji haushi. Hanyar shagon ba ta kan hanyar Panda, zagaye ne mai nisa, ga gwiwata ta fara ciwo. Zan bi duk da haka.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya yafe maka kurakuranka. Ni dai da sauran fushi a raina, amma zai wuce.

Naka har kullum,
Yohanna, abokin tafiyarka