Ta Bakin Baffa Talha

Azare,
tsakiyar damina.

Ƙawata Dumebi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Ya Asaba, ya ruwa? Ki gaida Mama, ki ce mata har yau in na bi ta layin masu atamfa sai na kalli tsohon shagonta.

Kin ce in ba ki labarin komawata kwaleji da girmana. To, ga ni cikin yara ina karatun adabi. Malama Meram ce ke ɗaukarmu ƙagaggen labari. Ta koya mana jigo, wato saƙon da labari ke ɗauke da shi, da taurari, mutanen da ke cikinsa, da waiwaye, inda marubuci ke tsayar da zance ya koma baya ya ɗauko abin da ya wuce. Daga nan ta ce kowa ya rubuto nasa.

Ban je da nisa ba, na ɗauko na gidanmu. Kin san Baba da ƙanensa Baffa Talha ba sa magana tun muna firamare, saboda Baffa bai zo jana'izar mahaifiyarsu, Kaka Ya Gana, ba. Na sauya sunaye, na sa Baba babban tauraro, jigona kuwa ɗan da ya yi wa uwa butulci. Ni dai ya yi mini daɗi. Ki taya ni addu'a.

Taki,
Zulaiha

Ƙawata Dumebi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji daɗi da zazzaɓin yaran ya sauka.

Malama ta dawo mini da labarin. Ta yaba salona, amma ta tambaye ni wa ke ba da labarin. Ta ce mai karatu ba ya ganin komai sai ta idon mai ba da labari, ni kuma idon yayan kaɗai na ara. In sake rubutawa, in ji ta, ta bakin ƙanen.

Dumebi, na zauna da biro, ko layi ɗaya ya ƙi zuwa. Ashe ban san Baffa ba. Ko muryarsa ba na tunawa. Ranar Asabar na shiga motar Katagum, garin da yake zaune, Inna kaɗai na gaya wa.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya tsufa, haƙora duk sun zube, amma goshin nan na Baba ne sak. Da na faɗi ko ni wace ce, sai da ya daɗe yana kallona kafin ya shimfiɗa mini tabarma. Ya ce ranar da saƙon rasuwar ya same shi yana gonar shinkafa a ƙetaren kogi, ruwa ya yi ambaliya, masu kwale-kwale suka ƙi ɗaukar kowa. Ya faɗa ruwan da kayansa, masunta suka jawo shi. Ya iso Azare an riga an binne ta. A zaure, gaban masu zaman makoki, ya miƙa wa Baba hannu, Baba ya kau da kai. Shi kuma ya sa takalmansa ya fita.

"Bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba," haka ya ce da ni.

A mota na yi ta share hawaye. Ban san yadda zan tunkari Baba ba.

Taki,
Zulaiha

Ƙawata Dumebi,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da kiran da kika yi.

Na rubuta na biyun. Da la'asar Baba na zaune a inuwa, na durƙusa na ce aikin makaranta ne nake so ya saurara. Na karanta masa, ta bakin ƙanen. Sauya suna bai ɓoye masa komai ba. Da na kai aya sai ya ce lallai ruwan waccan shekarar ya yi yawa. Ya tashi ya yi alwala. Kwanaki bai sake tayar da zancen ba, har na ɗauka na yi ɓarna.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya ce Yaya Bubayero ya fito da mota, ni ma in shigo. Ba mu zame ko'ina ba sai gidan Baffa.

Malama ta ce kowane rikici a labari yana neman warwara, ni kuma na zaci za a yi dogon jawabi da neman gafara. Ba a yi ko ɗaya ba. Sun zauna a tabarma ɗaya suna hirar shinkafa da ciwon gwiwa. Da aka kawo tuwo da miyar kifi, sai na ga Baba ya ɗauki kifin yana cire ƙayoyin a hankali, yana tura tsokar gaban Baffa kamar mai ciyar da ƙaramin yaro. Baffa ya sunkuyar da kai yana ci, hawaye na ɗiga a gemunsa. Baba bai ɗago ba har sai da ya gama da kifin duka.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙawarki ta har abada,
Zulaiha Babagana