Dalilin da Ya Sa Na Mayar da Goron Liman

Zuwa ga Malam Liman da dattawan kwamitin masallacin unguwarmu, a nan Gwandu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ina gaishe ku da ƙoƙari, ina fatan iyali suna lafiya. Ni ne Umaru, ladaninku na shekara goma sha tara. Na liƙa wannan takarda a ƙofar masallaci ne saboda maganar da ake yi a kaina a fili ake yin ta, har a wurin masu sayar da shinkafa na ji ta. Ana cewa wai na yi fushi da ku, shi ya sa ba a mayar mini da kiran salla ba.

Na ɗaya. Shekara biyu ke nan da muryata ta dishe. Kun tuna yadda nakan tsaya tsakiyar kiran salla ina gyaran murya, lasifika tana kai kakina ko'ina cikin unguwa. Da kuka ce in huta Malam Sani tela ya riƙe, wallahi ban ji haushi ba. Ni kaina kunya nake ji.

Na biyu. Kowa ya ce mura ce ta zauna mini, kowa kuma ya kawo magani don Allah. Wannan citta, wancan masoro da kanumfari, wani lemun tsami a shayi mai zafi. Na sha har na gaji, abu sai gaba yake yi. Ɗiyata da ke aure a Kalgo ita ta matsa, ta kai ni wurin likitan maƙogwaro. Ya zura mini wata siririyar na'ura ta hanci, ya duba, ya ce ruwan tsamin ciki ne ke hawowa yana ƙona mini maƙoshi. Na yi masa gardama, don ni ban taɓa yin ƙwannafi ba. Ya ce ai irin wannan a ɓoye yake aikinsa, ƙirji lafiya lau, murya ce ke shan wahala. Ashe duk yajin da nake ɗirka ƙara ƙona wurin nake yi!

Ya ba ni ƙwayoyi na wasu watanni, ya kuma kafa mini doka: in ci tuwo da wuri, kada in kwanta sai ya faɗa, in ɗaga kan gado, in bar yaji da soye-soye da shayi. Ya ce in bar goro. Wannan dokar ce fa ta fi yi mini wuya, don tun ina saurayi goro bai bar aljihuna ba.

Na uku, nan kukana yake. Ranar da na dawo daga Kalgo, Malam Liman ya aiko mini da goro fari tas, na sannu da zuwa. Na san halina sarai, in ya kwana a ɗakina sai na ci. Sai na ce a mayar, a yi godiya. Kuskurena ke nan, da sai in karɓa in raba wa maƙwabta. Na manta cewa a garin nan wanda ya mayar da goron liman ya yanke zumunci ke nan. Amma ku ma, Allah ya gafarta Malam, wata bakwai ba wanda ya tako ya tambaye ni dalili, alhali a sahun farko nake salla kullum. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Na huɗu. Alhamdulillahi, yanzu ina cikin daɗi. Likita bai yi mini ƙarya ba, ya ce ciwon nan ba ya tafiya gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwa, kuma in koma a duba ni lokaci-lokaci. Haka na gani. Na ci ƙosai a wurin wani suna, kwana uku ina magana kamar zakaran da ya sha ruwan sama. Da na koma kan doka sai muryar ta dawo. Na yi azumin bana ba tari, tumbina ya ragu, ina noma gonata ta hanyar Dalijan ba haki. A can nake gwada muryar, Fulanin da ke kiwo kusa su ne shaiduna.

Ga roƙona. Kada a ture Malam Sani, ya riƙe amana, mu raba lokutan tsakaninmu. Masu dishewar murya ta wata da watanni kuma, a daina cika su da citta, a tura su asibiti. Ni kuwa a ba ni Azahar guda, a kashe lasifika, Malam Liman ya aika dattijo ɗaya ya tsaya ƙarshen unguwa. In bai ji ni ba, na haƙura har abada, zan ci gaba da share tabarmi ina godiya. In ya ji ni, a bar ni in kira mutane salla muddin Allah ya bar mini numfashi, don ban iya wani aikin lada da ya fi wannan ba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya haɗa kanmu, ya sa mu cika da imani.

Wassalam, daga wanda bai taɓa fushi da ku ba,
Umaru Ladan.