Hannun da Ya Ƙi Tashi

Daren Talata, Horo Birni

Barci ya ƙi zuwa.

Tun da aka rufe makarantu ɗiyata Hadiza take ba yara darasi ta rediyo. Tana da wani wasa don kada su watse: "Wanda ke ji na ya ɗaga hannun dama! Ya kama kunne! Wanda ya makara shi ne kunkuru!" Ni da aka koya wa karatu da bulala, kullum ina bin su ni kaɗai a kan tabarma, ina dariya.

Yau ta ce a ɗaga na hagu. Nawa ya ƙi. Yana kwance a cinyata kamar na wani, sai da ta shiga lissafi ya fara motsi. Haka cutar shanyewar jiki ta fara wa abokina Malam Umaru, ya shekara biyu ana juya shi a shimfiɗa.

Bayan magariba ta kira daga Bodinga. "Baba, yau kai ne kunkurun?"

Na ce, "Haba, ni?"

"To mi ya samu muryarka?"

Na ce mura ce.

In na faɗa mata, za ta zo ta ɗauke ni, kuma ba zan sake kwana a ɗakin da uwarta ta rasu ba. In na ɓoye, wa zai ji ni ranar da na faɗi?

Na bar ƙofa a buɗe, waya tana gefen dama. Gobe ƙarfe goma za ta sake cewa a ɗaga hannu. In ya ƙi, zan kira ta in ce, "Hadiza, ni ne kunkurun."

Ya Allah, Ka sa ya tashi.