Kodin a Cikin Takalmin Ruwa

Gwaggo Balaraba,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan buɗe wa cikina. A kwance nake rubuto miki, in kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri. Daga gaisuwa zuwa nan na yi hamma sau biyar.

Ni kafinta ne, aikin rufi nake yi. Ina zaune a gidan haya a Rafin Guza da matata Magajiya da 'ya'yanmu uku. Mu mutanen kudancin Zariya ne, amma shekarata goma sha huɗu a Kaduna. Bara waccan muna rufe sababbin gidaje a Malali, katako ya karye da ni, na faɗo a kan tarin bulo. Na yi sati shida a asibiti. Da za a sallame ni likita ya rubuta mini kodin saboda ciwon baya, biyu da safe biyu da yamma. Bayan wata uku ya ce ya isa haka. Ni kuwa bayana bai ce ya isa ba, sai na koma saye a kemis.

Gwaggo, ban san ranar da huɗu ta zama shida ba, balle ranar da shida ta zama goma sha biyu. Da fari don ciwo nake sha. Daga baya ko bayan bai motsa ba, in ban sha ba sai in ji duniya ta yi mini ƙunci, 'ya'yana ma in sun yi dariya haushi nake ji. In na sha kuwa sai in zama mutumin kirki, mai haƙuri, mai yawan barci. A coci an san ni da rufe ido lokacin wa'azi, har Dattijo Irmiya, wanda yake kamar uba gare ni a garin nan, ya taɓa yabona a gaban mutane wai na iya natsuwa.

Ranar Alhamis da ta wuce gyangyaɗi ya ɗauke ni a kan rufi. Guduma ta suɓuce daga hannuna ta faɗi tsakanin ƙafafun Kefas, abokin aikina, wanda yake miƙo mini kwanon rufi daga ƙasa. Kefas 'ya'yansa biyar. Shi dariya ya yi, ya ce in so nake in gaje matarsa ai sai in faɗa masa. Ni ban yi dariya ba. Na sauko, na zo gida, na kwashe duk ƙwayoyin da nake da su na zuba a masai. Na rantse na gama da su.

Kashegari abin ya fara. Hamma, hawaye ba na kuka ba, majina kamar an kunce famfo. Gumi ya jiƙa ni kuma ina jin sanyi, tsikar jikina a tashe. Ƙafafuna ba sa zama wuri ɗaya. Cikina na murɗawa, hanyar bayan gida kuwa na tattake ta har ciyawa ta mutu. Barci ya yi ƙaura. Na ce wa Magajiya zazzaɓi ne da ciwon jiki, ita kuma ta faɗa wa mutanen gida, mutanen gida suka faɗa wa unguwa.

To, nan ne ake kukan targaɗe sai ga karaya. Kin san mutanenmu ba sa zuwa dubiya hannu rabbana. Kuma duk Rafin Guza an san cewa tun da na faɗo, kodin ne maganina. Malam Rabe mai tireda, maƙwabcinmu, shi ya fara shigowa, ya yi mini sannu, ya tura mini 'yar ambulan ta ƙwayoyin ƙarƙashin matashi, ya ce ya san abin da jikina yake so. Iya Delu mai gidanmu, tsohuwar da goro ma sai ta raba shi huɗu, ta kunce bakin zanenta ta sayo mini guda shida. Dattijo Irmiya ya zo ya yi mini addu'a mai tsawo, da ya ce amin ya ajiye nasa ƙunshin. Alhaji Ɗahiru, ɗan kwangilar da nake wa aiki, shi kwalba guda ya aiko da ita, da saƙon in warke da wuri damina ba ta jira. Har Kefas, Gwaggo. Mutumin da na kusa fasa wa kai.

Yaya zan yi? Ba a mai da hannun kyauta baya. Zan dubi idon Iya Delu in ce ta koma da abinta? Godiya na yi ta yi, ina sa musu albarka, suna fita ina cusa abin a cikin takalmin ruwana da ke ƙarƙashin gado. Abin da ke cikin takalmin nan yanzu ya ninka wanda na zuba a masai sau uku. Ina kwance a kansa, ina jin kamar yana kiran sunana. Ba zan yi miki ƙarya ba, ranar Lahadi da kowa ya tafi coci na sha biyu. Na samu sa'a uku ta salama, sannan na yi kuka na gaske.

Za ki ce in faɗa wa matata. Ga inda gizo ke saƙar. Mahaifin Magajiya burkutu ne ya cinye shi da gonarsa, tana yarinya tana zuwa ɗauko shi daga bakin hanya. Da na je neman aurenta abu ɗaya ta tambaye ni, ko ina sha. Na ce ko taba ban taɓa sawa a bakina ba, kuma gaskiya na faɗa. Shekara goma sha ɗaya tana alfahari da ni a zumuntar matan coci. Ta san ina shan magani, ba ta san adadi ba. Da wane baki zan ce mata ta guje wa mashayi a ƙauye ta zo ta auri wani a birni? Na fi tsoron fuskarta a kan ciwon cikin nan.

Ita kuwa baiwar Allah sai dama mini kunun tsamiya take yi, tana canza zanen gado. Abu ɗaya ne ya ɗan ba ni haushi. Tun shekaranjiya ta ɗauki kujerarta ta dasa a ƙofar ɗaki, duk wanda ya zo sai ta tare shi da doguwar gaisuwa ta karɓi abin hannunsa kafin ya shigo. Daga ranar ban ƙara ganin komai ba sai lemo da ayaba. Ko mutane ne suka fara rowa, oho.

Gwaggo, biyun da na sha sun rushe komai ne? Wannan azaba tana da ƙarshe? Yaya zan yi da takalmin nan, kuma yaya zan yi da 'yan dubiya ba tare da na ci fuskar kowa ba? Kada ki buga sunana.

Naki cikin damuwa,
Mai Guduma, Rafin Guza

*

Ɗana Mai Guduma,

Sannu da jiki, sannu da hamma. Ban buga sunanka ba, tun da ba ka ba ni shi ba. Amma ka ba ni na matarka, da na mai gidanku, da na maƙwabcinka, da na mai ba ka aiki. Duk na canza su, sai dai ban san kafintoci nawa ne suka faɗo daga rufi a Malali suke kwana a Rafin Guza ba. Kai da ɓoye sirri, sai dai a yi maka addu'a.

Bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in zauna a kan wannan fili na jarida, na ga irinka da yawa: malamai, direbobi, matan aure, limamin unguwa ma na gani. Ba lalacewa ce ta kai ka ba. Ciwo ne ya kai ka, jiki ya saba, ya fara neman ƙari. Abin da kake ji yanzu jikin ne yake rigimar an hana shi abin da ya saba. Kwana na biyu zuwa na huɗu su ne tudu, daga mako guda abin yakan lafa, ko da yake barci da ƙarfin jiki sukan yi nawa kafin su dawo. Biyun da ka sha ranar Lahadi ba su rushe ginin ba. Ƙusa ɗaya ce ta lanƙwashe, ka san yadda ake yi da ita.

Zuciyar da ta sa ka sauko daga rufin nan ka ce ka gama, na yaba mata. Dabarar ce ban yaba ba. Wanda ya kai goma sha biyu a rana ba ya dirowa ƙasa lokaci ɗaya, kai da ka san amfanin tsani. Ka koma wurin likita, ka faɗa masa adadin na gaskiya, kada ka rage ko ɗaya don kunya. Shi zai duba ko a sauke ka a hankali ko ka riga ka wuce wurin, ya kuma duba bayan nan, don ciwon da ya fara kawo maganar yana nan. Ƙwayoyin kemis ɗin nan kuma akan haɗa su da wasu magunguna masu cin ciki da ƙoda in an daɗe ana sha da yawa, ya kamata a gwada ka.

Kafin ka je, ka yi ta shan ruwa kaɗan-kaɗan, da kunu, da romo mai ɗan gishiri, don gudawa da gumi suna tsotse mutum. Ka yi wanka da ruwan ɗumi in ƙafafu sun dame ka, ka ɗan taka a tsakar gida. Kada wani ya ba ka giya ko maganin barci wai don ka samu sauƙi. In ruwa ya ƙi zama a cikinka, ko fitsari ya ɗauke, ko ka ga jini a amai, ko bayan gida ya yi baƙi, ko ka ji rayuwar ma ta fita daga ranka, asibiti nan take, ba sai gobe ba. Ka kuma riƙe wannan da kyau: jikinka ya fara mance ƙwayar nan. In ka koma ka sha irin adadin da ka saba, zai iya kwantar da kai kwanciyar da ba a tashi. Rufi kuwa, kada ka hau sai likita ya yarda. Alhaji ya nemi wani, damina ba ta fi kan Kefas ba.

Takalmin nan ya bar ƙarƙashin gadonka yau. Ko ba don kai ba, gidan da yara uku suke, ba a ajiye irin wannan a inda hannu yake kaiwa.

'Yan dubiya ba su yi laifi ba. Ƙauna ce ta kawo su, kai ne ka ba su sunan ciwon da ba shi ba, suka kawo maganin da ba shi ba. Ba sai ka mai da hannun kowa baya ba, ba kuma sai ka tara unguwa ka yi jawabi ba. Kalma ɗaya ta isa, cewa kodin ya daina karɓarka, an hana ka. Ka faɗa wa Iya Delu ita kaɗai da safe, kafin azahar an ji har unguwar Kawo.

Saura Magajiya. Tsoronka ba na banza ba ne. Macen da ta ɗauko ubanta daga bakin hanya tana da tabo, maganar za ta taɓa shi. Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi fushin shekara biyun da ka yi kana rufe ta, kuma tana da gaskiya. Ka bar ta ta yi, kada ka kare kanka. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ka da mai jinyar da ta fi ta.

Sannan, ɗana, ka sake karanta wasiƙarka. Wa yake wanke maka wando yana zazzage aljihu shekara biyun nan? Wa yake share ƙarƙashin gado? Kana tsammani rowa ce ta sauka wa Rafin Guza gaba ɗaya rana ɗaya, daidai ranar da matarka ta dasa kujera a ƙofa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da ta girma a gidan mashayi ta san zazzaɓi, ta kuma san abin da ba zazzaɓi ba. Ta gane, ba ta tattara kayanta ba, ba ta kai ka gaban Dattijo ba. Kujera ta ɗauka ta zauna tana yi maka gadi, tana rufa maka asiri har daga kai kanka, tana jiran ka buɗe baki.

Kada ka bari ta fara jin labarin daga jaridar da Malam Rabe zai ƙunshe mata sukari a ciki. Ka kira ta, ka jawo takalmin ka miƙa mata. Ina kyautata zaton ita ma za ta tashi ta ɗauko nata tarin daga inda ta ɓoye. Ku haɗa su wuri ɗaya, ku tafi wurin likita tare.

Allah ya ba ka lafiya, ya mai da kai kan rufi da ido biyu. Ka gaishe mini da mai gadin ƙofa, ka ce na ce ta shigo da kujerarta ciki haka nan.

Taka,
Gwaggo Balaraba