Saniyar da Ba Ta da Tozo

Anka, 9 ga Mayu, 1983

Zuwa ga Yaya Hammadu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Baba da Inna da matarka Asabe da yara. Ya haƙurin rashi? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Takardarka ta iso, na ji ɓarnar da cutar bushiya ta yi mana a Gwashi. Shanu sha tara cikin mako biyu, har da Wule, jar saniyar Baba mai farin goshi! Allah ya mayar da alheri. Ka ce Baba ya daina cin abinci sosai, kuma ya ce tunda ana ta faɗin Bello ya iya zane, in zana masa Wule ya riƙa dubawa. Wannan ai ba aiki ba ne. Ni nake zana duk hotunan da ake maƙalawa a bangon makarantar da nake koyarwa. Ga ta nan cikin ambulan, yini ɗaya na yi ta. Kada ka bari yara su taɓa da hannun tuwo.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanenka,
Bello

Anka, 2 ga Yuni, 1983

Zuwa ga Yaya Hammadu,

Ina gaishe ka, ina tambayar jikin Baba da ƙafar Inna. An samu ruwa wajenku?

Sau uku na fara wannan takarda ina yagewa. Ka ce Baba ya daɗe yana duban zanen, ya juya shi, ya ce ya yi kyau, sannan ya tambaya saniyar wa ce, kuma wace cuta ta cinye mata tozo. Ka ce Asabe ta yi dariya har da hawaye. Ta yi daidai.

Yaya, bari in faɗa maka gaskiya. Ban iya zane ba. Shekara uku abin da nake yi shi ne in ɗora farar takarda a kan hoton littafi, in manna su a gilashin tagar ofis, in bi layin da hasken rana ya nuna mini. Abin da na aiko saniyar Turawa ce daga littafin aji uku, na shafa mata ja, na bar goshin fari. Ni, ɗan makiyayi, ban ma lura ba ta da tozo ba. Wallahi kunya ta hana ni shiga kasuwa, gani nake kowa ya ji.

Na kai kaina wurin Malam Shitu, wani dattijon malami a nan wanda ya koyi zane a kwaleji. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da na fi jin sauƙi. Ya karɓe min roba ta goge rubutu, ya ba ni gawayi da damin tsofaffin takardun jarrabawa in yi a bayansu. Ya ce in tafi kara ranar kasuwa in zauna inda ake ɗaure shanu. Idona ya fi daɗewa a kan saniya fiye da kan takarda. In fara da babban jiki kafin ido da kunne. Kowane zane kada ya wuce minti biyar, in sa masa kwanan wata, kuma in ajiye munanan duka.

Na je. Ta farko ta fito kamar jaki mai ciki. Wani dillali ya leƙo ya ce ko kura ce. Sai ga wata saniya gudali ta tashi daga kwance, na ga da ƙafafun baya take fara miƙewa. Na san haka tun ina yaro, amma a bangon ajinmu akwai saniyar da na zana tana tashi da na gaba kamar doki, yara arba'in suna kallonta kullum.

Ka roƙa mini Baba gafara. Ka ce ya ba ni lokaci.

Naka cikin jin kunya,
Bello

Gwashi, 20 ga Disamba, 1983

Zuwa ga Yaya Hammadu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya bakin gulbi, ya sauran dabbobin? Na zo hutu na tarar ka tafi da su, shi ya sa na ba maƙwabcinmu Dikko wannan ya kawo maka. Inna lafiya, Baba kuma ya rame amma yana fita.

Wata shida ina zuwa kara. Takardu sun cika kwali biyu, na zana kofato kaɗai ya fi sau ɗari. Yanzu in na yi saniya, dillalai na gane mai ita. Amma da na zauna yin Wule sai hannuna ya tsaya. Na san ɗaya ƙahon ya karkace, amma na dama ne ko na hagu? Damina uku na yi ina kiwonta, kaina cikin littafi, ina ƙosawa in bar daji. Ban taɓa dubanta ba.

Jiya da hantsi na cije na faɗa wa Baba haka a gindin tsamiya. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki sandarsa, ya ja layi ɗaya daga ƙeya, ya hau tozo, ya gangara har wutsiya. Yaya, Wule ce. Mutumin da bai taɓa riƙe fensir ba! Ya ƙara ƙahon, na hagu ne, wanda ta bugi itacen ƙirya da shi tana maraƙa. Na durƙusa ina kwafa a takarda, yana gyara mini da bakin sanda, har azahar. Wato dai na koma kwafi, sai dai wannan karon na san wurin wa.

Da na gama ya riƙe takardar nesa da ido, ya yi ɗan kiran nan da yake yi mata da yamma. Inna ta shige ɗaki.

Sannan muka bi ta ɗakin, ya buɗe akwatinsa don ya ajiye. Ka san abin da na gani? Zanen farko, an naɗe shi cikin ƙyalle mai tsabta. Inna ta ce duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa aikin ɗansa malami, su kuma su yaba don ganin idonsa. Na roƙe shi ya ba ni in ƙone. Ya hana. Ya jera su biyun, ya ce sabuwar tasa ce, marar tozon kuwa tawa ce, kuma a gidan nan ba a taɓa korar saniya don muni ba.

Na tashi da sunan zan duba maruƙan da ka bari a gida, don kada ya ga fuskata.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Ƙanenka,
Bello